Mintuna 15 na farko: yadda ake shirin wanke guba daga jikin dubban mutane

Da safiyar Litinin 20 ga Maris 1995, daidai lokacin da ma'aikata ke tururuwar zuwa wuraren aiki, mutum biyar 'yan wata ƙungiyar addini ta Japan mai suna Aum Shinrikyo suka shiga jiragen ƙasa biyar da ke bi ta ƙarƙashin birnin Tokyo. Kowannensu na riƙe da ledar ruwan sarin, wata guba mai lalata jijiyoyi, naɗe cikin jarida. Suka ajiye a ƙasa, suka huda da tsinin lema, suka sauka abinsu. Ruwan ya malala, ya riƙa tashi yana bin iskar taragon. Mutum 12 ne suka mutu a lokacin, daga baya adadin ya kai 14, kuma sama da mutum 5,000 suka nemi asibiti.

Masu tsara aikin agajin gaggawa har gobe suna komawa kan wannan rana, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalinsu shi ne abin da ya faru bayan mutane sun fito daga tashoshi. Babu wanda aka cire wa kaya ko aka wanke a bakin tasha. Motocin asibiti sun kwashi mutum 688 kacal. Sauran, fiye da 4,000, da ƙafa suka tafi, ko a tasi, ko a motar wani bawan Allah da ya tsaya taimako. Asibitin St. Luke's, wanda ke kusa da tashar Tsukiji, ya karɓi mutum 640 a wannan yini, kuma kusan kashi 7 cikin 100 ne kawai suka zo a motar asibiti. Suka shiga da rigunansu da takalmansu, gubar na ci gaba da tashi daga jikin kayan. Da wuri ya cika aka mayar da ɗakin ibadar asibitin wurin kwantar da majinyata, ga shi iska ba ta ratsa shi sosai. Ba a jima ba ma'aikatan jinya suka fara jin ido na ciwo, kai na sarawa, hanci na zuba. A binciken da asibitin ya yi daga baya, kashi 23 cikin 100 na ma'aikatan da suka amsa tambayoyi sun ce sun ji alamun gubar, kuma waɗanda suka yi aiki a ɗakin ibadar sun fi kowa shan ta. Cikin ma'aikatan agaji 1,364 na hukumar kashe gobara ta Tokyo, 135 sun kamu. An yi sa'a sarin ɗin ba tatacce ba ne, ƙarfinsa bai wuce kusan kashi 30 cikin 100 ba. Da tsantsarsa ne, da masu ceton ma sai an cece su.

Wannan shi ne dalilin da ya sa wanke guba ya zama fanni mai zaman kansa a shirin ko-ta-kwana. Aiki biyu yake yi. Yana tsayar da gubar da ke kan fata da tufafi kafin ta gama shiga jikin wanda ta taɓa, sannan yana hana shi kai ta motar asibiti, ɗakin gaggawa, ko gidansa inda 'ya'yansa za su rungume shi.

Tanti ya zo, mutane sun watse

Bayan Tokyo, musamman bayan hare-haren 11 ga Satumba 2001, ƙasashe masu hali sun zuba kuɗi a kayan aiki. Birtaniya ta ƙirƙiro shirin New Dimension, ta raba wa hukumomin kashe gobara manyan motoci ɗauke da tantunan wanka: a shiga ta wannan ƙofa a tuɓe, a bi ta ƙarƙashin ruwan ɗumi, a fita ta waccan ƙofa a sa sabbin kaya. Tsarin ya yi kyau a takarda. Za a killace wurin, a raba shi shiyya uku: inda gubar take, inda ake wanki, da inda ya tsarkaka, motoci da shugabannin aiki su tsaya ta inda iska ke busowa kuma a kan tudu. Jama'a su jira ƙwararru.

Matsalar tana cikin jiran. Kafin a kira, mota ta taso, ta ratsa cunkoso, a kafa tanti, a haɗa ruwa, a ɗumama shi, ma'aikata su sa rigunan kariya, sau da yawa awa guda ta wuce, wani lokacin fiye. Gubar da ke lalata jijiyoyi ko ƙona fata kuwa cikin mintuna take aikinta. Ruwan sinadari da ya zuba a riga yana ratsa zare ya kai fata, fatar ta tsotse shi. Kuma mutumin da idonsa ke zafi, numfashinsa ke sarƙewa, ba zai tsaya a fili yana jiran wata mota ba. Zai nufi asibitin da ya sani. Tokyo ta riga ta nuna haka.

Daga nan masu bincike suka juya tambayar: me ɗan sanda ko ɗan kwana-kwanan da ya fara isa zai iya yi da abin da ke hannunsa? A Birtaniya amsar ta zama sabon tsarin matakin farko da aka shigo da shi daga 2013, wanda ya sa burin a janye mutane daga wurin, a cire musu kayan sama, a fara goge jiki, cikin mintuna 15 da taɓuwar gubar. A Amurka kuma BARDA, hukumar gwamnati mai tallafa wa binciken lafiya don shirin ko-ta-kwana, ta ɗauki nauyin binciken da Farfesa Robert Chilcott da abokan aikinsa suka yi a Jami'ar Hertfordshire, aka fitar da ƙa'idojin da ake kira PRISM a 2015, aka sabunta su a 2019 bayan babban atisaye da aka yi da ɗimbin 'yan sa-kai a jihar Rhode Island. A 2018 Birtaniya ta taƙaita saƙon ga jama'a zuwa abu uku: janye jikinka daga wurin, cire kayan sama, cire abin daga fatarka.

Cire kaya shi ne mataki mafi arha kuma mafi amfani. An daɗe ana cewa yana kawar da kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na gubar. Wannan ƙiyasi ne da ya dogara da yawan jikin da tufafi ke rufewa, don haka yana sauyawa daga mai kwat da wando zuwa mai singileti. Abin da gwaji ya tabbatar shi ne amfanin yana raguwa da kowane minti da aka ɓata. Akwai kuma yadda ake cirewa. Ba a zare riga ta ka, don gubar za ta shafi ido da hanci da baki. Ana yanka ta da almakashi ko a yage ta daga wuya zuwa ƙasa, a bar ta ta faɗi nesa da jiki, a ƙulle cikin leda. Wannan batu ya shafe mu kai tsaye, domin kaftani, jallabiya, babbar riga da hijabi duk ta ka ake cire su. Almakashi mai ƙarfi a cikin kowace motar agaji ba ƙaramin tanadi ba ne. In kuma kayan sun manne da fata saboda ƙuna, ba a fizge su, a bar wa ma'aikatan lafiya.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne mataki na gaba: a yawancin lokuta, gogewa a bushe ake fara yi kafin ruwa. Hankalin kowa yana tafiya kan a sheƙa wa mutum bokiti. To amma wasu daga cikin gubobin da aka fi tsoro, irin su VX da gubar mastad, ruwa ne mai maiƙo-maiƙo. In aka jiƙa mutum da kayansa a jiki, ruwan zai ɗauki gubar daga rigar ya kai ta fata. In aka daɗe ana wanka, fata ta jiƙu ta yi laushi, wasu sinadaran sun fi saurin ratsa ta. Shi ya sa ake cewa a samu duk abin da ke tsotse ruwa, tishu, bandeji, tsumma mai tsabta, tawul, a dangwala a kan wurin na daƙiƙa 10, sannan a goge na daƙiƙa 10, a fara daga kai da fuska da hannuwa a gangara ƙasa, a riƙa sauya tsumman. Gashi yana riƙe guba sosai, don haka a sunkuyar da kai ta yadda abin da ke cikinsa ba zai gangaro ido ba. Ba a buƙatar tanti ko famfo, kuma mutum ɗari za su iya yi a lokaci guda in akwai mai gaya musu yadda za su yi.

Akwai inda wannan ƙa'ida ba ta aiki, kuma dole kowane ma'aikacin agaji ya san shi. In abin da ya zuba mai cin fata ne, kamar asid ko soda, mutum na ihun zafi, fata na ja ko tana tashi, to ruwa ake nema nan take, mai yawa, daga ko'ina: famfo, rijiya, ruwan leda. Haka ido, da ruwa ake wanke shi. Gari ko ƙura ma, har da ƙurar da ke ɗauke da tururin nukiliya, ruwa ya fi fitar da su.

Sai matakin 'yan kwana-kwana. Ana jera motocin kashe gobara biyu gefe da gefe a bar lungu a tsakani, a ɗaga tsani a sama da mesa, a saki ruwa mai yawa amma mara ƙarfin bugu, mutane su bi ta ciki ɗaya bayan ɗaya suna juyawa suna cuɗa jiki. Daƙiƙoƙi kaɗan ne, don ruwan sanyi ne. Bincike ya nuna cewa goge jiki da tawul bayan an fito wani ɓangare ne na wankin kansa, domin tawul ɗin yana kwashe ragowar gubar. Saboda haka shi ma sharar guba ne, leda zai shiga. In tantin ƙwararru ya iso, sai a yi wanka na uku yadda binciken Turai mai suna ORCHIDS ya tsara: ruwa mai ɗumin maki 35, ɗan sabulun ruwa, tsumman cuɗa, daƙiƙa 90. Masu PRISM sun ba da rahoton cewa haɗa matakan uku, gogewa a bushe, ruwan motar kashe gobara, da wankan tanti, ya cire kashi 99.9 cikin 100 na sinadarin gwajin daga fata. Tantin yana nan da amfaninsa, sai dai ya koma na ƙarshe a layi.

Sanyi kuma abokin gaba ne. Jiƙaƙƙen mutum ba kaya a jiki, tsoho ko jariri, zafin jikinsa na iya faɗuwa ya shiga wani haɗarin dabam. Duk shirin da ya tanadi ruwa bai tanadi bargo, zane da wurin fakewa ba, rabin shiri ne.

Mutumin da ake so ya tuɓe a bainar jama'a

A ganina nan ne ainihin wuyar take, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Ka ɗauki mace da ke hanyar zuwa aiki, numfashinta na sama-sama, ba ta san abin da ya same ta ba. Sai ga wasu mutane cikin riguna masu rufe fuska, muryarsu ba ta fita sosai, suna nuna mata da hannu ta cire kayanta a gefen titi, ta ajiye waya da jaka da makullin gida, ga mutane na ɗaukar hoto. Me zai sa ta yarda?

Tsofaffin tsare-tsare sun ɗauka jama'a za su firgice su yi turmutsutsu, don haka abin yi shi ne a tsare su da ƙarfi, a rage musu bayani. Binciken da Holly Carter, John Drury da Richard Amlôt suka yi a Ingila, ta hanyar atisaye da 'yan sa-kai, ya nuna akasin haka. Inda ma'aikata suka yi bayani a fili, ga abin da muke zargi, ga dalilin cire kaya, ga yadda zai kare ku da iyalanku, ga abin da zai biyo baya, mutane sun fi ba da haɗin kai, layi ya fi sauri, har suna taimakon juna. Inda aka yi ta ba da umarni babu dalili, ko aka yi shiru, sai ruɗani da ƙin bin umarni suka ƙaru. Rashin sutura ma ya fito a matsayin babban abin da ke sa mutum ya turje. Saboda haka lasifika, allo mai zanen matakai, mai magana da harshen mutanen wurin, labule ko jerin motoci da zai raba maza da mata, ma'aikata mata a ɓangaren mata, da mayafin rufe jiki nan take, duk kayan ceton rai ne. Ƙa'idojin ma sun yarda mutum ya bar kamfai a jikinsa. Wanda aka ci wa mutunci zai sulale ya tafi gida da gubar, kuma ba shi kaɗai zai cutu ba. A al'umma irin tamu, inda mace za ta iya zaɓar ta jure zafi da ta buɗe jikinta a gaban maza, shirin da bai fara da wannan tambaya ba ya faɗi tun kafin ranar.

Akwai kuma waɗanda lungun ruwa bai dace da su ba kwata-kwata. PRISM ta kasa mutane gida uku: masu iya bin umarni da kansu, masu buƙatar taimako, da waɗanda suka suma ko suka ji mummunan rauni. Rukuni na biyu ya fi yadda ake zato girma: makaho da sandarsa, kurma da ba ya jin lasifika, mai keken guragu, tsohuwa, baƙon da ba ya jin harshen, uwa mai goyo da yara biyu a hannu. Ba a raba yaro da uwarsa. Ba a ƙwace wa mutum tabarau ko sanda a bar shi yana lalube, sai dai a goge su a mayar masa. Rukuni na uku kuwa kowane ɗaya sai ma'aikata da yawa sun taru a kansa a kan gadon ɗauka, kuma sau da yawa ba zai iya jiran a gama wanki kafin a ba shi magani ba. Mai gubar jijiya yana buƙatar allurar atirofin da taimakon numfashi tun yana shiyyar wanki. Ma'aikacin da ke cikin rigar kariya kuma zafi na gajiyar da shi da wuri, dole a tanadi masu canjinsa.

Ruwan da aka yi wankin da shi fa? Ana ƙoƙarin tare shi kada ya shiga kwata ko rafi, amma hukumar kare muhalli ta Amurka ta fayyace tun 2000 cewa ceton rai ne a gaba, kada a jinkirta wanki don neman inda ruwan zai taru.

Ƙofar asibiti

Tunda yawancin mutane da kansu za su kai kansu, kuma masu ƙarfin tafiya su ne za su riga waɗanda suka fi jin jiki isa, to ƙofar asibiti wurin aukuwar haɗari ce ta biyu. A 2005 hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta fitar da ƙa'idoji na musamman don ma'aikatan asibiti masu karɓar irin waɗannan majinyata. Abin da ake so shi ne asibiti ya iya rufe ƙofofinsa cikin mintuna ya bar guda ɗaya, ya sami fili a waje mai famfo da labule, da safar hannu da takunkumin da ya dace, kuma mai gadi da mai ba da kati su san alamun, domin su ne za su fara haɗuwa da mutanen, ba likita ba.

Gane abin da ke faruwa ma aiki ne. A Tokyo an fara ba da rahoton fashewa, sannan aka ambaci wani sinadari dabam, sai bayan kusan awa uku 'yan sanda suka tabbatar sarin ne, kuma asibitoci da yawa a talabijin suka ji. Dakta Nobuo Yanagisawa na Jami'ar Shinshu, wanda ya yi jinyar mutanen da aka kai wa harin sarin a birnin Matsumoto na Japan a watan Yunin 1994, ya gane alamun daga labarai ya aika wa asibitocin Tokyo bayanin magani ta fakis. An daɗe ana koya wa ma'aikatan agaji a Birtaniya ƙa'ida mai sauƙi: mutum ɗaya ya faɗi ba dalili, a duba shi yadda aka saba, biyu, a yi hattara, uku ko fiye a wuri guda, a ɗauka guba ce, a ja baya a sanar. Alamun gubar jijiya kuma a fili suke: ƙwayar ido ta tsuke, yawu da majina da hawaye na zuba, gumi, amai, jijjiga.

Kada a ɗauka wannan duk maganar ta'addanci ce. Yawancin irin waɗannan masifu haɗari ne na masana'anta da sufuri. A Graniteville da ke jihar South Carolina ta Amurka, jiragen ƙasa sun yi karo ranar 6 ga Janairu 2005, tankin kilorin ya fashe, mutum 9 suka mutu, aka kwashe kusan 5,400 daga gidajensu. A tashar jiragen ruwa ta Aƙaba a Jodan, tankin kilorin ya suɓuce daga ƙugiya a watan Yunin 2022, mutum 13 suka mutu. A nan gida, a watan Yulin 2015, kilorin ya tsiyaya daga matatar ruwa ta Lamingo a Jos, mutum 8 suka rasu, kusan 100 aka kai asibiti. Kilorin ya fi iska nauyi kusan sau biyu da rabi, yana bin kwari da ramuka, don haka gudu zuwa tudu da ratsa iska ta gefe shi ne farkon ceto. Wanda iskar gas kawai ya shaƙa, ba ruwan sinadari a jikinsa, galibi cire kayan sama da samun iska mai kyau da wanke ido sun wadatar a matakin farko. Tura ɗaruruwan irinsu cikin ruwan sanyi ɓata lokacin waɗanda suka fi buƙata ne.

Sarin kuwa ɗan gida ɗaya ne da wasu magungunan ƙwari da ke shagunanmu da gonakinmu, har da fiya-fiya. Hanyar da suke bi su lalata jijiya ɗaya ce, alamun ɗaya ne, atirofin ne maganin farko a duka biyun, sai dai sarin ya fi su ƙarfi nesa ba kusa ba. Motar da ta kife da jarkokin maganin feshi a bakin kasuwa, ko gobara a rumbun ajiyarsa, za ta haifar da ƙaramar Tokyo: jama'a su ruga taimako da hannu tsirara, a cusa waɗanda suka faɗi cikin a-daidaita-sahu da jiƙaƙƙun kayansu, a ɗura musu madara ko manja alhali mai fita hayyacinsa na iya shaƙe su zuwa huhu, a sauke su tsakiyar ɗakin gaggawa. Hukumar NEMA, hukumomin agajin gaggawa na jihohi da 'yan kwana-kwana ba sai sun jira kasafin sayen tanti ba kafin su shirya wa wannan. Almakashi, manyan ledoji, tsummoki, zannuwa, safar hannu da lasifika suna cikin abin da kowace motar agaji da kowane babban asibiti za su iya ajiyewa a bana. Abin da ya rage shi ne atisaye na haɗin gwiwa, inda 'yan sanda, 'yan kwana-kwana, ma'aikatan jinya da masu gadin asibiti za su gwada da mutane na gaske, maza da mata da yara da masu buƙata ta musamman, a riƙe agogo a ga minti nawa ake ɗauka daga kiran farko zuwa lokacin da rigar mutum na ƙarshe ta shiga leda.